Tarihin Garinku a Shimfiɗar Ɗan Gwanjo

 Sharhinmu na yau ya shafi wata sana'a da ba a cika kawo zancenta gidan rediyo ba, wato sana'ar sayar da tsofaffin littattafai, musamman littattafan tarihin garuruwa da masarautu, irin waɗanda aka buga sau ɗaya, 'yan kwafi kaɗan, daga nan ba a ƙara waiwayarsu ba. Tun kafin mu yi nisa zan faɗa muku inda na tsaya. Ina goyon bayan masu wannan sana'a, kuma ina goyon bayan su sayar da irin waɗannan littattafai da daraja. Na san ɗalibin da ya taɓa komawa gida hannu rabbana saboda kuɗinsa bai kai ba zai ji zafin wannan magana. Ina roƙonsa ya ba ni aron hankalinsa zuwa ƙarshen shirin.

Bari mu fara da yadda aka yi littattafan suka yi ƙaranci. A ƙasashen Turai akan buga littafi kwafi ƙididdigaggu da gangan, a sa wa kowanne lamba, marubuci ya sa hannu, domin ya yi tsada a wurin masu tara irinsa. Mu a nan Arewa ƙarancin namu ba shiri aka yi masa ba. Rashin kuɗi ne ya jawo shi, da rashin kula, da mutuwar hukumomin da suka ɗauki nauyin aikin tun farko.

An kafa Hukumar Fassara a 1929, ta zama Hukumar Talifi a Zariya a 1933, ƙarƙashin Dokta Rupert East. Daga wannan gida aka fito da Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, littafi na ɗaya da na biyu, a 1932 da 1933, inda aka mayar da tsofaffin rubuce-rubucen tarihi na Larabci zuwa Hausar boko, har da tarihin sarakunan Kano. Aka kafa kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur a 1945. Can a shekarun 1950 hukumar wallafa littattafai ta NORLA ta zo da ƙarfinta, kuma a wannan zamani ne aka samu littattafan da har gobe masu bincike ke nema ruwa a jallo: Kano ta Dabo Cigari na Alhaji Abubakar Dokaji, wanda ya fito a 1958, da Tarihin Fulani na Wazirin Sakkwato Junaidu, da Zuwan Turawa Nijeriya ta Arewa na Abdulmalik Mani. Kafin su, Malam Bello Kagara, mai Ganɗoki, ya rubuta tarihin Sarkin Katsina Alhaji Muhammadu Dikko. An rufe NORLA a 1959. Kamfanin buga littattafai na NNPC da aka kafa a 1966 ya gaji da yawa daga cikin littattafan, ya sake buga wasu, Allah ya saka musu da alheri. Amma kamfani kasuwa yake bi. Littafin da hukumar jarrabawa ta sa a manhaja shi ake ta maimaita bugawa, shi ya sa ba ka rasa Magana Jari Ce a kasuwa. Tarihin gari kuwa, wanda ba malamin da zai tilasta wa yaro saye, sai ya koma baya. Da darajar naira ta faɗi bayan 1986, takarda ta yi tsada, masana'antar takarda irin ta Jebba ta durƙushe, sai sake buga irin waɗannan littattafai ya zama abin da mai kamfani ba ya ko tunaninsa.

Wannan tsohon zance ke nan. Akwai sabo, kuma shi ya fi damuna, domin a gabanmu yake faruwa kowace shekara. Sarki zai cika shekara ashirin ko talatin a kan gado, ko a naɗa wani hakimi, ko ƙaramar hukuma ta yi bikin cika shekaru. Sai a samu wani bawan Allah, galibi tsohon malamin makaranta ko ma'aikacin da ya yi ritaya, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana bin tsofaffi gida-gida da littafin rubutu a aljihu. Ya zauna da maroƙan fada, ya zauna da limamai, ya zauna da jakadiya, ya rubuta sunayen ƙofofin gari da unguwanni da rijiyoyi da kushewun waliyyai. Ya kai wa wata ƙaramar maɗaba'a, aka buga masa daidai abin da aljihunsa ya iya. Ranar ƙaddamarwa aka cika zaure, aka yi jawabai, babban mai ƙaddamarwa ya sayi kwafi ɗaya a kan kuɗi masu nauyi, saura suka bi baya, aka tafa, aka ci abinci, aka watse. Kwafin da manya suka saya suna bayan mota ko cikin durowar ofis. Ragowar suna cikin kwali a ƙarƙashin gadon marubucin. Ba kantin da aka kai wa, ba ɗakin karatun da aka aika wa. Bayan shekara biyar, je ka garin ka tambayi littafin, za a ce maka an dai ji labarin an yi.

Alhali kuwa akwai doka. Dokar Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ta 1970 ta wajabta wa duk mai buga littafi a Nijeriya ya ajiye kwafi uku a can, gwamnatin jiha ta ajiye goma, ta tarayya ashirin da biyar. Yawancin marubutan tarihin garuruwanmu ba su taɓa jin wannan doka ba, kuma ba wanda ya bi su ya tuna musu.

To, yaya littafin ke isa shimfiɗar ɗan gwanjo? Mafi yawa ta hanyar rasuwa. Dattijo ya koma ga Ubangijinsa, an yi sadakar uku, an yi ta bakwai, an yi ta arba'in, an zo rabon gado. Gida an yi masa ƙima, gona an yi mata, mota da dabbobi haka, har riguna da rawuna an ƙirga. Alƙur'ani da littattafan fiƙihu suna da alfarma, a ba ɗan da ya yi karatu, ko a kai masallaci a yi wa mamaci sadaka mai gudana da su. Sai a zo kan akwatin ƙarfen nan da ke lungun ɗaki, cike da littattafan boko da tsofaffin Gaskiya Ta Fi Kwabo da takardun aikin En'e, sai ka ji an ce, wannan tarkacen fa? Ba mai so. Ɗakin kuma ana buƙatarsa, ƙanin wani zai yi aure. Daga nan hanyoyi uku ne. Ko a bar akwatin a zaure damina ta shiga, gara ta gama da shi. Ko a auna a kilo a sayar wa masu ƙosai da masu tsire su naɗe wa jama'a abinci. Ko kuwa Allah ya kawo mai sayen tsofaffin littattafai ya kwashe. A cikin ukun nan, ta ƙarshe kaɗai ce littafi ke fita da rai.

Wanda duk ya saba bi ta bakin ƙofar jami'a a Samaru, ko wajen Sabon Gari a Kano, ko gefen babbar kasuwar Kaduna, ya san shimfiɗar da nake nufi. Leda ce ko buhu a ƙasa, an danne kusurwoyi da duwatsu saboda iska. A gaba littattafan lissafi da kimiyya na sakandare, da tsofaffin tambayoyin jarrabawa, da ƙamus wanda bangonsa ya fita, domin su ne abincin yau da kullum. Na tarihin ba a baza su a rana. Suna cikin jaka a bayan mai kayan, sai ya ga idon da ya san abin da yake nema. Idan ya zaro maka ɗaya, sai ka ga ɗan siriri ne, bai kai kaurin yatsa ba. Takardar ta yi ja, ƙusar ɗinkin ta yi tsatsa har ta bar tabo a tsakiyar shafi. A bayan bango an buga farashi da sule da sisi. A shafin farko ga sunan mai shi na asali da tawadar alƙalami, da sunan makarantar midil da ya yi, wani lokaci har ya gyara wa marubucin sunan wani sarki a gefen shafi, da rubutu mai kyau irin na mutanen da. Wannan gyaran na gefe shi kansa tarihi ne, kuma ba za ka same shi a kwafin kowa ba.

Sai ciniki ya tashi. Ɗalibi ya ce, “Baba, nawa wannan?” Mai kaya ya ce, “Taya dai, ɗana.” Yaro ya duba siririn littafi, ya taya kuɗin da bai kai na kwanon abinci ba. Dattijo ya karɓe abinsa, ya share masa ƙura da hannun riga, ya ce, “Albarka.” Yaron ya tafi yana cewa an tsawwala.

A nan nake so mu yi wa mai kayan adalci. Littafin nan ba sari ya je ya yi a kamfani ba, balle idan ya ƙare ya koma ya ƙaro. Ya sayi buhu guda na takardu kafin ya tsinci guda ɗaya mai amfani a ciki. Ya biya mai kura, ya biya kuɗin wuri, ya yi ta kwashewa duk lokacin da hadari ya taso. Wani littafin zai shekara a jakarsa ba a tambaya ba. Sannan ga ilimin da ke kansa, wanda ba makarantar da ta koya masa: ya san bugun NORLA daga bugun baya, ya san wane littafi ne ke da taswira a naɗe a ƙarshe, ya san wane malamin jami'a ne ke neman tarihin Gobir, wane lauya ne ke neman tsohon bayanin iyakar gundumomi, wane ɗan sarki ne ke neman shafin da sunan kakansa ya fito a jerin masu sarauta. Wannan sani shi ma yana da kuɗinsa.

Ga kuma babbar hujjata. Abin da ba shi da farashi a kasuwa ba a adana shi a gida. Ranar da magada suka ji cewa ɗan littafin da ke akwatin babansu zai iya kawo kuɗin buhun shinkafa, ranar za su ɗauke shi daga ƙasa su sa a leda. Ranar da mai awon takarda ya fahimci cewa a cikin tulin da yake aunawa akwai abin da ya fi tulin duka daraja, ranar zai fara tsincewa kafin ya miƙa wa mai ƙosai. Shekara da shekaru muna wa'azin a kula da kayan tarihi, wa'azin bai hana gara cin akwati ko ɗaya ba. Kuɗi kuwa yana sa a kula. Arahar da muke nema wa ɗalibi a yau, ita ce ke sa ƙaninsa ya zo gobe ya tarar babu littafin kwata-kwata, ko da tsada.

Amma goyon bayan da nake ba 'yan kasuwar nan yana da sharuɗɗa, kuma ina so su saurare ni da kyau, domin na san da yawansu rediyo na rataye kusa da su a yanzu haka.

Kada ku cuci magada. Ka shiga gidan marayu, ka ga littafin da ka san ƙimarsa, ka yi fuska kamar taimako kake yi wajen kwashe shara, ka biya kuɗin kilo. Cinikin ya ƙullu a baki, amma kai ka san abin da ka ɓoye, kuma dukiyar gado ce, wataƙila har da rabon yaron da bai balaga ba. Faɗa musu gaskiya, ka ce wannan da wannan suna da daraja, ga abin da zan iya biya, ku ma ku tambaya a wani wuri. Ribarka za ta ragu a ranar, amma unguwar duka za ta san ƙofar da za ta ƙwanƙwasa idan an buɗe wani akwatin.

Kada kuma ku cuci mai saye. Yanzu an iya yin fotokwafi a yi masa bango mai tauri da rubutun zinare, har ya fi na asali kyan gani. Ba laifi mutum ya san fotokwafi yake saye, laifin shi ne a karɓi kuɗin asali a kansa. Haka littafin da shafukansa suka ɓace. A littafin tarihin masarauta, shafin da aka fi rasawa shi ne na jerin sarakuna da salsalar gidajen sarauta, wani lokaci tsufa ne ya cire shi, wani lokaci kuwa hannun mutum ne, don abin da ke ciki bai yi wa wani daɗi ba. Mai saye, kai ma ka zauna ka ƙirga shafi kafin ka miƙa kuɗi. Mai sayarwa, idan ka san da giɓi, faɗi tun ba a tambaye ka ba.

Sai littafin da ke ɗauke da hatimin ɗakin karatu na makaranta ko na jami'a. Wani an fitar da shi bisa ƙa'ida, wani kuwa a ƙarƙashin riga ya fito. Duk mai sana'ar da ke karɓar irin wannan ba tare da tambaya ba, shi ne ke koya wa yara yaye kantocin da jama'a duka ke amfana da su. Ku tambayi inda ya fito. Idan amsar ba ta gamsar ba, ku bar shi.

Abin da ya fi duk waɗannan nauyi a wurina shi ne maganar kwafin ƙarshe. Manomi yakan sayar da hatsinsa duka idan farashi ya yi kyau, amma ba ya taɓa damin da ya ware don iri. Akwai littattafan da wataƙila wanda ke jakarka shi kaɗai ya rage a jihar baki ɗaya. Idan attajiri ya saye shi ya kulle a kabad don ado, ko ya bi jirgi ya tafi, to, garin da aka rubuta tarihinsa ya yi hasara, ko da kai ka ci riba. Ba na zargin ɗakunan karatu na waje. Makarantar SOAS a Landan da ɗakin karatu na Herskovits a Jami'ar Northwestern ta Amurka sun tara littattafanmu, sun adana su da kyau, sun biya kuɗi lokacin da mu muke zubarwa. Abin da ke ci mini rai shi ne, ɗan Katsina ko ɗan Haɗeja ya fi sauƙin samun tarihin garinsu a kundin sunayen littattafan wata ƙasa fiye da a garin da aka haife shi.

Ku dubi misalin Suleja. Kafin a zaɓi wurin sabon babban birnin tarayya a 1976, garin ne ake kira Abuja, mazaunin sarakunan Zazzau na Haɓe da suka baro Zariya a zamanin jihadi. Malam Hassan da Malam Shu'aibu Na'ibi sun rubuta tarihin garin da al'adunsa da Hausa, Frank Heath ya fassara zuwa Turanci, aka buga a Ibadan a 1952. Yau sunan ya koma kan wani birni dabam, yaran da ke tasowa da yawa ba su san an taɓa yin wata Abuja kafin wannan ba. Ɗan ƙaramin littafi irin wannan shi ke riƙe da shaidar. Haka kundayen bayanin larduna da Turawan mulki suka buga a 1920 da 1921, irin na Kano da Sakkwato da Zariya. Da ba don wani kamfani a Landan ya sake buga su a 1972 ba, da ganinsu ya gagari yawancin masu bincike. Kuma kada a ɗauka duk abin da ke cikin littattafan nan gaskiya ce tsagwaronta. Baturen mulki ya rubuta abin da ya dace da mulkinsa, marubucin fada ya rubuta abin da fada za ta yi na'am da shi. Shi ya sa ake buƙatar su duka, a ajiye wannan kusa da wancan. Sau da yawa ma littafin da ya fi wuyar samu shi ne wanda bai faranta wa masu iko rai ba, aka ƙi ƙaddamar da shi, aka bar marubucin da kwalayensa.

Abin da nake roƙo ba mai wuya ba ne. Kafin littafi irin wannan ya bar hannunka, a ɗauki hoton kowane shafi. Wayar da ke aljihun ɗanka ta isa, in dai akwai haske kuma an yi a natse. A kai hoton inda aka tanada don wannan aiki. Muna da Gidan Arewa a Kaduna, wanda Farfesa Abdullahi Smith ya assasa a 1970 a gidan marigayi Sardauna, muna da Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano a Gidan Ɗan Hausa, da ta Waziri Junaidu a Sakkwato, da ɗakin karatu na Kashim Ibrahim a Zariya. Na san mai sayarwa zai ce, idan hoto ya bazu wa zai sayi nawa? Wanda ke neman bugun asali, da hatiminsa da rubutun mai shi na farko, hoto ba ya kashe masa ƙishirwa, sai ma ya ƙara masa sha'awa. Ɗalibin da bayanin kawai yake so kuwa, dama ba shi da kuɗin sayen naka. A nan ne shi ma ɗalibin zai samu biyan buƙata ba tare da an karya wa kowa jari ba.

A lura dai da haƙƙin masu shi. A dokar Nijeriya haƙƙin mallakar littafi yana nan har shekara 70 bayan rasuwar marubuci. Waziri Junaidu ya rasu a 1997, ku yi lissafi ku gani. Ajiye hoto a ma'ajiya don masu bincike abu ne dabam, buga littafin mutum a kai kasuwa ba da izinin iyalansa ko kamfaninsa ba kuwa cin haƙƙi ne. Wanda ya ga littafin yana da masu so, ya nemi magadan, a yi yarjejeniya a rubuce, a sake bugawa, kowa ya samu rabonsa. Injinan buga littafi na zamani suna iya fitar da kwafi kaɗan ba sai an tara dubbai ba, don haka tsohon uzurin nan na cewa sai an samu jari mai yawa ya ragu ƙwarai.

Su ma hukumomin da na ambata akwai nasu aikin. Kada su zauna a ofis suna jiran a kawo musu kyauta. A ware kuɗi kowace shekara, a tura ma'aikaci ya san 'yan gwanjon littafi da sunayensu, ya bar musu lambar waya, ya ce duk ranar da tarihin wani gari ya faɗo hannunku, ku kira mu kafin ku kira kowa, kuma za mu biya farashin kasuwa, a ranar, ba sai an bi takarda wata shida ba. Majalisun masarautu kuma, ranka ya daɗe, a cikin kuɗin da ake kashewa a bikin ƙaddamarwa, a cire na kwafi ashirin ko talatin a raba wa makarantun sakandaren ƙasar da ɗakin karatu na jiha, a aika ukun da doka ta ce, tun kafin a naɗe tabarmin taro.

Kai kuma mai sauraro da ke da akwatin mahaifi ko na kaka a lungu, damina ba ta jira. Buɗe shi a wannan mako, ka kakkaɓe, ka shanya a inuwa, kada ka sa a rana domin takardar za ta karye. Ɗaga shi daga ƙasa, ka nisanta shi da bango mai laima. Idan kun yanke shawarar sayarwa, ku sayar, halak ɗinku ne, amma ku nuna wa mutum biyu ko uku da suka san kan abin kafin ku sallama, kuma ku ɗauki hoton shafukan ku ajiye wa jikokin mai akwatin.

A nan za mu dakata. Sai Allah ya kai mu mako mai zuwa.